Leman Mai Jiran Masu Nutso

Duk wanda ya ce muku sana'ar Leman tuƙin babur ɗin haya ce, wanda muke kira becak, bai san shi ba. Tuƙin ba ya ɗaukar lokacin da mutum zai shanye kofi ɗaya. Sauran aikin duk jira ne, kuma a kan bencin rumfata yake yin sa. Shi ya sa ni ce zan ba da labarinsa, ba mazan ƙauyen nan ba, waɗanda yanzu kowannensu ke bugun ƙirji wai amininsa ne.

Sunana Rukaiyah, ana ce mini Kak Yah, wato Yaya Yah. Ina sayar da kofi da soyayyar ayaba da taliya mai yaji a Yashin Kwakwa, ɗan lungun gaɓar da ke ƙasan ƙauyenmu a tsibirin Weh. Leman ɗan ƙanin babana ne, ni na goya shi yana jariri. Yana saurayi ya fara bin jirgin kamun kifi kamar kowane ɗa namiji a nan, har ranar da igiyar taru ta naɗe masa ƙafar hagu jirgi na tafiya. Ƙafar ta warke, amma a karkace. Ba ya iya tsayuwa a kan jirgi in teku ta motsa, don haka aka sauke shi.

A garinmu namijin da ba ya fita teku rabin namiji ne. Ba wanda zai faɗa maka haka a fuska, amma in ana rabon kifi za ka gani, in ana shawara za ka ji. Leman ya yi ɗinkin taru, ya yi tallan ƙanƙara, ya yi gyaran kifi tare da mu mata, daga baya Allah ya hore masa wani tsohon becak, babur mai akwatin zama a gefe. Ya kai yara makaranta, ya ɗauki kwakwa da tukwanen gas, ya kai masu naƙuda asibiti. Da shi ya auri Salbiah, da shi ya ciyar da 'ya'yansu mata biyu. Ba a raina shi a fili ba, ba a kuma taɓa tambayarsa ra'ayinsa kan komai ba.

Sai masu nutso suka gano mu. Yawancinsu a jirgi suke zuwa daga wasu lungunan, garke guda, da jagora yana ƙirga kawunansu. Amma akwai wani iri, masu taurin kai, da ba sa son jagora ba sa son aboki. Su kaɗai suke so su shiga. Tsakanin Hancin Dutse da Yashin Kwakwa ruwa gudu yake yi kamar kogi a jikin duwatsun ƙarƙashi. Mutum ya shiga a Hancin Dutse da tulun iska a bayansa, ya miƙe kawai, ruwa ya yi ta tafiya da shi yana kallon kifaye, har ya fito a gaban rumfata. Sun ce daɗinsa ba ya faɗuwa. Ni dai ban taɓa jin sha'awar ganin abincina yana yawo ba.

Matsalar ita ce ruwa ba ya mayar da mutum inda ya ɗauko shi. Ka fito a jiƙe, ba takalmi, da tulu mai nauyin buhun siminti, kayanka kuma suna can bayan tudu. Nan Leman ya samu gurbinsa a duniya. Yakan ɗauko mutum daga masauki, ya kai shi Hancin Dutse, ya taya shi ɗaura tulu, ya karɓi riga da silifas da waya da makulli ya zuba a leda, ya tambaye shi tsawon lokacin da iskarsa za ta kai. Daga nan ya zagayo tudu, ya ajiye becak a ƙarƙashin bishiyar da ke gefen rumfata, ya zauna ya kafa wa ruwa ido, yana jiran jan balan-balan ɗin da suke hurawa in za su taso. Wani lokacin ruwa ya juya ya koma da mutum baya, sai ka ga Leman ya zabura ya hau babur ya sake zagaye tudun.

Dolah, wani masunci mai baki kamar reza, shi ya fi kowa tsokanarsa, yana kiransa Bang, wato Yaya, kamar yadda muke kiran namiji a nan.

"Bang Leman mai gadin silifas! Yau takalman wa ake kiwo?"

"Na wanda ya fi ka wanka," in ji Leman, ko juyowa ba ya yi.

Ba ya jin haushi, don a karon farko a rayuwarsa wani yana dogara da shi a kan teku. Ya taɓa ce mini, "Kak Yah, mutum ya miƙa maka wayarsa da makullinsa da takalminsa, ya juya ya shiga ruwa. Ai ransa ya ba ka ajiya." Na ce masa ya rage kuri ya sha kofinsa kafin ya huce. Amma na ji daɗin ganin kafaɗarsa ta miƙe.

Muna da al'ada tun kaka da kakanni. In mutum ya ɓace a teku, ɗan gari ne ko baƙo, ana buga gangar meunasah, ɗakin sallarmu da taronmu. Duk jirgin da ya ji, ko tarunsa cike yake, dole ya bar kamu ya shiga nema, kuma ba mai sake jefa taru sai an samu mutumin ko kwana uku sun cika. Ba a wasa da wannan ganga. Wanda ya buga ta ya ɗora wa gari duka yunwa a wuya, don haka kafin ka ɗaga sandar sai ka tabbata.

Akwai wani dogon Bature, Henrik, da yake zuwa kowace shekara, kuma Leman kaɗai ke ɗaukarsa. Yana ɗan jin yarenmu, yana kiran Leman ɗan'uwa, har ya taɓa cin shinkafa a gidansu da hannu, Salbiah ta yi sati tana ba da labari. Shekarar da abin ya faru mun sha wuya. Iska ta hana fita watanni, tukwane sun yi sanyi, sai ga kifin tongkol ya shigo kusa da gaɓa garke-garke, irin shigowar da ba ta daɗewa. Duk wani abu mai iyo a ƙauyen nan ya fita, har kwalekwalen da aka jingine.

A irin wannan rana Henrik ya shiga ruwa da hantsi. Leman ya zagayo ya zauna. Lokacin da suka yi da shi ya wuce, ba balan-balan. Ya hau tudu ya duba, ya dawo. Ya koma Hancin Dutse, ya dawo. Ya je masaukin Baturen ko ya fita ta wani wuri, ɗaki a kulle, makullin ma yana cikin ledar da ke hannunsa. Aka kira azahar, ya yi salla a kan yashi, yana sallamewa ya sake juyawa ruwa.

"Kak, iskarsa ta ƙare tuntuni."

"Wataƙila ya fita a wani lungu."

"Da ƙafa ba takalmi? Da tuni wani ya gan shi." Ya dubi jiragen da ke can nesa sun yi da'ira. "Kin ga sun zagaye kifi. In na buga, sai sun buɗe taru."

"To ka ƙara jira kaɗan."

"Ruwan nan ba ya jira. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

Ya hau becak ya tafi, ba da jimawa ba na ji ganga. Da idona na ga jirgin Dolah ya buɗe bakin taru, kifin da suka wuni suna tarawa ya watse. Ba wanda ya yi gardama, a nan kam ba zan ci haƙƙinsu ba. Suka bazu suna nema har duhu ya hana, washegari tun asuba suka koma. Leman bai kwana gida ba, bai ci komai ba, yana zaune a kan benci da ledar kayan a cinyarsa.

Da la'asar ta rana ta biyu sai ga wani farin jirgin masu yawon shaƙatawa ya shigo lungunmu. A samansa Henrik ne tsaye, cikin gajeren wandon aro, fuska ta yi ja, yana ɗaga mana hannu yana dariya. Ashe ruwa ne ya wuce da shi gaba, masu jirgin suka tsince shi, 'yan ƙasarsu ne ma. Za su zagaya tsibirin, suka ce ya zo su tafi, ya ci, ya sha, ya yi barcinsa. Ya ce ya so ya kira, amma ai wayarsa tana hannun Leman. Ya sauko, ya ga jiragen gari duka suna shigowa wayam, ya ga mata cike da gaɓa, dariyar ta ɗan ragu. Ya dafa kafaɗar Leman.

"Ɗan'uwa, me ya sa? Ni ƙwararre ne. Ina wayata?"

Leman ya miƙa masa ledar. Washegari jirage suka fita, tongkol ya riga ya yi gaba, bai kuma dawo ba a wannan shekarar.

Aka kira taro a meunasah bayan sallar Juma'a. Henrik bai zo ba. Ya aiko da ambulan na kuɗin man da aka ƙona, ya hau jirgin safe ya bar tsibirin. Mu mata muka tsaya a jikin tagogi. Pawang Insya, sarkin ruwanmu, dattijo ne mai sanyin magana, ya bar kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Dolah ya miƙe.

"Pawang, 'ya'yana shinkafa da gishiri suke ci. Mu aka hana kamu saboda wani ya je yawon shan iska. Wanda bai san nauyin taru ba shi ne zai riƙa buga mana ganga? In aikin gadin takalmi ne, ya tsaya a takalmi!"

Aka yi ta hayaniya, kowa da abin da ya rasa. Leman yana zaune a baya, ƙafarsa mai ciwo a miƙe. Da aka ba shi dama, magana ɗaya ya yi.

"Pawang, ku gaya mini, da me ya kamata in yi?"

Dattijon ya daɗe yana shafa gemu. "Abin da ka yi daidai ne, Leman. Amma ba za ka sake yi ba."

Hukuncin da aka yanke shi ne, daga ranar, baƙon da ya shiga ruwa shi kaɗai daga gaɓa, ba jirgi ba jagora, ya shiga da wuyansa. Ba a buga masa ganga, ba a ɗaga masa taru. Al'ada tana nan daram ga ɗan gari da duk wanda ya fita a jirgi. Maza suka ce madalla, aka shafa fatiha. Na tsaya a taga ina jin zuciyata na tafasa, don na ga yadda aka yi: wanda ya yi laifin yana can yana cin abinci a jirgin sama, wanda ya cika amana shi aka bari da kunya.

Ban san Henrik bai gama da shi ba. Bayan 'yan watanni 'yata ta nuna mini a waya abin da ya rubuta a dandalin da masu nutso ke hira, ta fassara mini. Ya yabi ruwanmu, ya yabi taliyata ma, Allah ya isa. Sannan ya ba da shawara cewa ba sai ka ɗauki direba ba. Ka yi hayar babur, ka sauke kayanka a Hancin Dutse, ka kai babur Yashin Kwakwa ka ajiye, ka taka da ƙafa ka koma, in ka fito abin hawanka na jiranka. Ya ce akwai wani gurgu mai becak, mutumin kirki ne, amma mai saurin firgita, in ka yi jinkiri kaɗan zai tara maka gari.

Haka kuwa suka koma yi. Sai ka ga baƙo ya zo ya jingina babur a gefen rumfata, ya ɓoye makulli a ƙarƙashin dutse kamar ba ma ganinsa, ya kama hanyar tudu yana zufa. In Leman ya yi masa tayi, ya yi murmushi ya girgiza kai. A gari kuma suna ya canza, daga mai gadin silifas ya koma Mai Ganga. Yara su bi becak ɗinsa suna dukan akwatin da tafin hannu. In ya shigo rumfa maza na zaune, hira ta mutu, ko wani ya ce, "A ɓoye cokula, kar a buga mana." Ya koma ɗaukar kwakwa da gas, kafaɗar nan ta sake rusunawa, dariya ta bar shi.

Abin da ya fi ba ni haushi, bai daina zuwa ba. Kullum in ya gama jigilar safe sai ya zo ya ajiye becak a ƙarƙashin bishiya, ya zauna a bencin nan, ya dubi baburan da aka jingina, ya dubi ruwa. Ba mai biyansa, ba wanda ya sa shi. Sai mai babur na ƙarshe ya fito sannan ya tashi. Na yi masa faɗa har na gaji.

"Kai wane irin mutum ne? Uwarsu ce kai? Sun ce ba sa so!"

"Na sani, Kak. In na zauna a gida ne sai in yi ta ganinsu a idona."

Ranar ƙarshe wani saurayi ne daga Jakarta, Bagas, fari tas, da agogo mai girman murfin kwalba. Ya sha kofi a wurina, ya yi mini ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Leman ya ce ya zo ya kai shi Hancin Dutse, ya kuma jira shi. Yaron ya dubi ƙafarsa, ya dubi becak, ya yi 'yar dariya.

"A'a, Bang, na gode. Na karanta labarinka. Ba na son a tashi gari saboda ni."

Ya ajiye silifas ɗinsa a ƙarƙashin babur, ya sa takalman roba, ya hau tudu. Rana ta take, ta karkata. Sauran baburan duk masu su suka fito suka tafi, saura nasa. Leman ya yi zagayen da ya saba, tudu, Hancin Dutse, masauki, ya dawo fuskarsa ta yi toka. Ya wuce gidan Pawang Insya. Dattijon ya ce masa hukunci na gari ne, shi kaɗai ba ya iya warware shi, amma a kira hukuma a birnin Sabang. Aka kira, suka ce jirginsu yana ɗaya gefen tsibirin, zai zo in ya samu dama. Ya dawo rumfata, inda Dolah da wasu ke zaune suna jiran ruwa ya cika su fita kamun yamma.

"Dolah, don girman Allah. Jirgi ɗaya kawai. Ni zan sayi man."

"Zauna ka sha kofi, Bang. Gobe za ka gan shi a farin jirgi yana ɗaga maka hannu."

Suka kwashe da dariya. Wani ya ƙara da cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Leman ya juyo gare su. Ya tsaya yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, har dariyar ta mutu da kanta, suka tashi suka nufi wajen jiragensu a ɗaya lungun.

A bayan rumfata akwai ɗan kwalekwalen marigayi mijina, na mutum ɗaya, wanda jikokina ke wasa da shi a bakin ruwa. Ina wanke kofuna na ji ana jan abu a kan yashi. Na leƙa, Leman ne, ya riga ya kai shi ruwa, filafili a hannunsa. Na yar da kofi na ruga na riƙe gindin kwalekwalen.

"Ka haukace? Wannan ko lungun nan ba ya ƙetarewa! Me za ka iya yi masa kai kaɗai?"

"Ba abin da zan iya yi masa, Kak." Muryarsa a kwance take, abin da ya fi tsorata ni ke nan. "Amma ni ɗan gari ne, kuma a jirgi na fita. Ruwan da ya ɗauke shi, shi zai ɗauke ni, inda ya kai shi nan zai kai ni. In sun zo nemana za su gan shi."

"Salbiah fa? Yaran fa?"

"Sai su yi sauri. Je ki gaya musu Leman ya ɓace a teku."

Ya ɓamɓare yatsuna daga jikin katakon, ya tura. Na shiga ruwa har ƙugu ina zaginsa, ina kiransa da sunan da nake kiransa yana goye. Yana fita daga lungun ruwa ya kama kwalekwalen ya juya shi gefe, ya yi gaba da shi da saurin da ban taɓa gani ba.

Ban san yadda na hau tudun nan da shekaruna ba. Mace ba ta buga gangar meunasah, amma ran nan na buga ta har fatar hannuna ta fashe, ina ihu, "Leman ne! Leman ɗinku ne!" Suka fito kuwa. Wanda ke cin abinci ya bar kwano, wanda ya ɗora taru ya watsar. Dolah ne ya fara tayar da inji, ko riga bai tsaya sawa ba. Duk jiragen da aka ce ba za su motsa ba, cikin ɗan lokaci sun cika teku, suna bin hanyar da ruwa ya bi.

Rana na gab da faɗuwa jirgin Dolah ya shigo Yashin Kwakwa. Sun tsinci yaron can nesa da gaɓa, rungume da jan balan-balan ɗinsa, leɓe ya tsage, murya ta dushe. A bayan jirgin suna jan kwalekwalen mijina a kife. Suka sauke yaron da tulunsa a kan yashi, Dolah ya kasa haɗa ido da ni, ya juya jirgi suka koma. Neman da aka shiga a wannan yammacin kwana uku aka yi ana yin sa, ba a samu ko hular Leman ba. A lokacin ban san haka ba tukuna, ko in ce na sani, ban yarda ba.

Na lulluɓa wa yaron zane, na ba shi ruwa da shayi mai sukari. Ba wanda ya gaya masa komai, shi a zatonsa duk jiragen nan dominsa suka fita, sai godiya yake yi yana hawaye. Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya gwada miƙewa, ƙafafunsa suka ƙi. Ya dubi babur ɗinsa, ya dubi tulun, ya dubi becak da ke ƙarƙashin bishiya da makulli a jiki.

"Kak, ba zan iya tuƙi ba. Ina mutumin nan na ɗazu? Yanzu kam ina bukatarsa, ko nawa ya ce zan biya."

Na karɓi kofin daga hannunsa, na ce, "Ya tafi ɗauko ka."